TARIHIN RAYUWATA, Kashi na 17: Ranar da na je garin Turawan masakar Baba

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wancan satin na tsaya a inda na samu aikin dare a wani sito a Manchesta ina haɗawa da karatu, toh yau zan ɗan ajiye maganar aikin saboda wani aike da Baba ya yi min, wanda tun ranar da na sauka Ingila yake ta nanatawa a waya har na fara jin kunyar ɗaga kiransa.

Waɗanda suka bi labarin tun farko sun san a unguwar Kakuri ta Kaduna na tashi, kuma Baba a masaka ya yi ƙuruciyarsa kaf, a Kaduna Textiles Limited wato KTL, har ya ajiye aiki. Abin da ƙila ba ku sani ba shine masakar nan gwamnatin Sardauna ce ta kafa ta tare da wani kamfanin Turawa mai suna David Whitehead and Sons, ta fara aiki a 1957, ita ce babbar masakar zamani ta farko a Kaduna kafin masakun UNTL da Arewa su biyo baya. Kamfanin kuma daga wani ƙaramin gari yake a Lankasha ana ce masa Rotinstol. Baba da bakinsa yake faɗin sunan, wai Turawan da suka koya wa na gaba da su gyaran inji duk daga can suka zo, shi a ransa garin nan wani ƙaton birni ne mai hayaƙi da jiniya ba dare ba rana. "Kai dai ka je ka gano min, ka ɗauko min hoton masakar tasu," kullum maganar kenan.

Wata ranar Talata da ba ni da lakca na shirya. Garin mil 15 ne kacal arewa da Manchesta amma babu jirgin ƙasa na haya da ke zuwa, tun 1972 aka daina, sai bas mai lamba X43, wadda aka zana mata hoton mayya a kan tsintsiya a jiki, wai saboda wasu mata da aka yi wa shari'ar maita a yankin a 1612, ni dai na yi bisimillah na hau. Da safen nan motar tamu kusan wayam, ni da wata tsohuwa da karenta da wasu ɗalibai, amma ɗaya hannun titin M66 mai shiga Manchesta wallahi motoci ne jere sun cushe ba sa ko motsi, kowa shi kaɗai a motarsa da kofin shayi a hannu. Mutanen garin ne ke fita nema, ni kuma ina shiga.

Na sauka wajen ƙarfe goma na tarar da gari tsit. Tsaf-tsaf, gidajen dutse baƙi-baƙi a jere sun hau tsauni, yayyafi na sauka, ga rafin Irwell na wucewa ta tsakiya, amma mutane fa sai tsofaffi da mata masu tura keken jarirai. Babban titin kasuwarsu Bank Street shimfiɗe yake da duwatsu irin na zamanin kaka, shagunan shayi da na gyaran gashi da ofisoshin dillalan gidaje, su kam dillalan nan sun fi kowa yawa a ido na, ko'ina hoton gida da farashi da rubutun cewa minti kaza ne zuwa Manchesta. Abin da garin ke sayarwa yanzu kenan, kusanci da wani gari.

Sanyi ya kore ni na shiga wani ɗan shago da ake kira Fitzpatrick's, ashe tun 1890 yake, mashaya ce amma ba a sayar da giya ko ɗigo, masu yaƙi da shaye-shaye na wancan zamanin ne suka yayata irinsu don ma'aikatan masaka su daina ƙarar da albashi a gidan giya, kuma ance ita kaɗai ta rage daga na asali. Aka ba ni wani baƙin abin sha mai ɗumi na saiwoyi, ɗanɗanonsa kamar an haɗa tsimi da zuma, na sha na ƙara. A nan na haɗu da wani dattijo da hular sanyi da sanda, ya tambaye ni daga ina, da na ce Kaduna a Najeriya sai ya ajiye kofinsa ya dube ni da kyau, yace ai yana yaro akwai maƙwabcinsu da ya tafi Kaduna aikin inji ya dawo fatarsa ta yi ja, yana ba su labarin zafi. Mahaifiyarsa ma saƙa ta yi, yace ƙarar injuna ta sa matan masaka suka koyi karanta leɓen juna daga nesa, kuma yawancinsu da tsufa kunne ya tafi. Nan jikina ya yi sanyi, don Baba ma sai ka ɗaga murya yake ji, mu kuma muna yara mun ɗauka faɗa ne kawai yake so.

Shi ya raka ni, a hankali saboda ƙafarsa. Ya nuna min Holly Mount, gidan da 'yan'uwan Whitehead su uku suka gina wa kansu a kan tudu, sannan ya nuna ƙasa da sandarsa yace ga inda masakar take. Jama'a, kantin Asda ne da filin ajiye motoci. Na tsaya ina kallon wata mata tana loda ledoji a but, na rasa ma me zan ɗauka a hoto.

Wadda ta tsira ita ce Ilex Mill, ginin 1856, ƙato mai hawa-hawa da dogon bututun hayaƙinsa, an mayar da shi gidajen kwana, tagogin da mata suka tsaya suna saƙa yanzu labule ne da tukwanen fure. Dattijon yace jikarsa ta nema ta kasa biya, 'yan Manchesta masu aikin ofis sun fi ta kuɗi, ta koma wani gari can gaba. Ya faɗa ba tare da ɗaci ba, amma na ji shi. Jirgin ƙasan ma ya dawo a 1991, sai dai na yawon buɗe ido ne mai tururi, yara su hau a ɗauke su hoto, ba ya kai kowa wajen aiki.

A gindin ginin na kira Baba ta bidiyo, ƙanwata ta riƙe masa wayar. Na juya kyamara na ce Baba ga irin tasu nan, amma ta Whitehead ɗin an rushe. Ya yi shiru, yace "ɗan nan, su ma rufewa suka yi?" Na ce sun ma riga mu Baba, tamu ai sai 2002. Yace toh mutanen me suke ci? Na ce bas suke hawa su je wani gari aiki su dawo su kwana. Sai ya yi dariya har da tari, yace "ashe garin kwana ne."

Ni gaskiya raina biyu ya rabu. Ba zan ce garin ya mutu ba, fitila na ci, makarantu cike, ba ka ganin ciyawa ta cinye gini irin yadda na bari a Kakuri, kuma dalilin bai wuce titi mai kyau da babban birni mai aiki a kusa ba, wanda namu iyayen da aka rufe musu ƙofa ba su samu ba, sai acaba da gadi. Amma kuma garin da sai dare yake ganin mutanensa, ban san ko zan iya zama a cikinsa ba.

Wajen ƙarfe shida ina tasha basa-basan Manchesta suka fara sauke su, kowa da jakar kwamfuta da abin ji a kunne, ba mai kula kowa. Ni kuma na hau wadda za ta koma don ƙarfe goma zan karɓi aiki, kuma a daren ne manajanmu ya kira ni ofis kan maganar awannin da bizata ta yarda in yi. Wannan sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.