Igamar iyali da gidan haya: abin da na koya a Riyad

Shekarata biyu ina aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti a Riyad kafin na yanke shawarar ɗauko maiɗakina da yara uku daga Kano. A lissafina samun biza ne babban aiki, in sun sauka sauran mai sauƙi ne. Ashe daga ranar da suka shigo kwana 90 gare ni in fitar wa kowa igama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, har da ɗan autan da ke goye.

Gwajin lafiya da inshora ba su ba ni wuya ba, wurin aiki sun taimaka. An ɗauki zanen yatsun babbar 'yata a Jawazat, hukumar shige da fice ta Saudiyya, saboda ta haura shekara 6. Kuɗin 'yan rakiya, wanda baƙo ke biyan gwamnati a kan iyalinsa, shi ne ya girgiza ni: ya fara da riyal 100 a 2017, yanzu riyal 400 ne kowane wata a kan mutum guda. Mutum huɗu ke nan, riyal 19,200 a shekara, ba a zo maganar haya da cefane ba.

Amma inda na fi shan wahala shi ne gida. Wani ɗan'uwa da zai koma Najeriya ya bar mini nasa a unguwar Manfuha, da firji da katifu, kan kuɗi mai rahusa. Muka yi musabaha, ya miƙo makulli. Kwantaragin kuwa da sunansa yake a Ejar, tsarin da gwamnati ke rajistar haya ta intanet. Ni a idon hukuma ba ni da matsuguni. Da na je neman wa yarinya makaranta, aka ce in kawo shaidar inda nake zaune. Da na zo gyara adireshina da ke rajistar gwamnati, nan ma na tsaya cik. Mai gidan yana Jidda, sai da na yi mako uku ina kiransa kafin ya yarda a soke tsohon kwantaragi a rubuta sabo ta hannun dillali mai lasisi, kuma ya ƙara kuɗi. Ban ga laifin ɗan'uwan nan ba, alheri ya nufe ni da shi. Mu dai mun saba a gida magana da shaidu biyu ta wadatar, a nan kuwa kwamfuta ba ta san mutunci ba.

Sai kuma suna. A fasfon maiɗakina an rubuta Aishatu, a fassarar takardar aure zuwa Larabci aka sa A'isha. Ma'aikacin ya ɗora takardun biyu gefe da gefe, ya nuna da biro, ya turo mini su ta ƙasan gilashi. Kwana tara gyaran ya ci.

A waɗannan makonnin na riƙa tuna 'yan'uwanmu da ake kira takari, masu shekaru a Makka ba igama, yara ba makaranta, asibiti sai a ɓoye. Ni ina da aiki da kafili, amma da daddare sai in kasa barci ina ƙirga kwanaki.

Igamar ɗan autan ce ta fito a ƙarshe, rana ta 81. Na buɗe Absher, manhajar hidimomin gwamnati, na ga sunaye huɗu a jere ƙarƙashin nawa, na miƙa wa uwarsu wayar. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baban Hafsa, rubuta ranar da za su ƙare a jikin kalanda."