Miyar Ewedu a Gidanmu na Agege

Hausawan da suka daɗe a Agege sun rungumi girkin Yarbawa hannu bibbiyu, kuma a gidanmu miyar ewedu ce ta fi samun gindin zama. Kakata ta koye ta a wurin maƙwabciyarta, ta koya wa mahaifiyata, ni ma na gada.

Ana tsinke ɗanyen ganyen lalo, a zuba a tafasasshen ruwa kaɗan tare da 'yar kanwa, sannan a burge shi da gajeriyar tsintsiya har ya yi yauƙi, a sa daddawa da gishiri. Mahaifiyata ba ta yarda a rufe tukunyar, domin a ganinta yauƙin zai tsinke. Mutane da yawa sun koma niƙawa da blenda, amma ni har gobe tsintsiyar na fi amincewa da ita, musamman ranar da aka tuƙa amala.