Ɗinya Mai Gaggawa, Aduwa Mai Haƙuri

Ɗan shagona yana Tudun Wada a Zariya. Ni da 'yan mata uku ne ke aiki, sai ƙanena mai kai kaya Samaru da Kongo a babur. Da zoɓo da kunun aya na fara kamar kowa, amma a layinmu kaɗai mu biyar ne masu zoɓo, kowa na jan cinikin ɗan'uwansa. Shi ya sa na koma ga abin da muka sha muna yara, wanda ɗaliban jami'a da yawa ko sunansa ba su sani ba: ɗinya da aduwa.

Ɗinya ta gida ce. Bishiyarta na son bakin rafi da fadama, kuma ƙauyukan da ke kewaye da mu, ta wajen Giwa da Shika, suna da ita. Ƙarshen damina take nuna, ta tashi daga kore ta koma baƙa wuluk, mai sheƙi. Matan ƙauye ba sa jiran ta nuna a sama, tsinko ta suke yi ɗanya su rufe a tukunya ko cikin toka har ta yi laushi. Daga ranar da ta yi baƙi kuwa, hankalina ba ya kwanciya. Ruwa ne da sukari ya fi yawa a jikinta, don haka kwana biyu cikin zafi sai ta fara tsami. Shekarar da na fara, na sayi kwando huɗu saboda arha, wuta ta ɗauke kwana uku, firji ya zama akwati. Akuyoyin maƙwabta ne suka ci ribar.

Tun daga nan duk ɗinyar da ta shigo, ranar ake sarrafa ta. A wanke, a jiƙa, a murje da hannu har tsokar ta rabu da ƙwallon, a tace. Rabi mu yi lemo, rabi mu ɗora a wuta yini guda har ya yi kauri ya zama maɗi, irin wanda kakanninmu ke zubawa a kunu kafin sukari ya cika gari. Tsokar ba ta da yawa, ƙwallon ne ya cinye wuri, shi ya sa kwando guda ba ya ba da abin a zo a gani. Amma akwai sinadarin fotasiyam da ɗan bitamin C a cikinta, sai dai doguwar dahuwa tana kashe bitamin ɗin. Wanda ke neman wannan, lemon nake ba shi, ba maɗi ba.

Aduwa kuwa baƙuwa ce. Ta fi son ƙasa mai rairayi da ƙarancin ruwa, Katsina, Sakkwato, Yobe, har cikin Nijar, kuma da hunturu take zuwa a buhu. Itace ne mai ƙaya, wanda ake sassaƙa allon karatu da shi. Ɓawonta ka matsa ya fashe, ciki kuma tsoka ce mai danƙo, zaƙi da ɗaci a baki ɗaya. Da yake busasshiya take zuwa, sukarinta a dunƙule yake, kuma buhu zai yi watanni a ɗaki ba abin da ya same shi in dai ba danshi. Ɗacin nan daga wani sinadari ne mai kumfa da ake kira safonin. Ka jiƙa ta ka kaɗa, za ka ga kumfa kamar an sa sabulu. Shi ya sa wanda ya sha da yawa cikinsa ke sakewa, kuma ba na ba mai ciki ko ƙaramin yaro ruwanta.

Dukiyar aduwa a cikin ƙwallo take, wanda muna yara muke tsotsewa mu jefar. Ƙwayar da ke ciki kusan rabinta mai ne, ga sinadarin gina jiki mai yawa. A nan ɗinya ba ta kama ƙafarta ba. Sai dai fasa ƙwallon nan azaba ne. Da dutse ake yi, ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wadda ta yi mako tana yi sai ta daki yatsa. Ina ba wasu tsofaffi biyu a cikin birni su fasa mini, in biya su a kan mudu. Daga nan a soya sama-sama, a niƙa, a matse. Man na fita ruwan ɗorawa, mata na saye don gashi da fata, wasu kuma don girki. Shi ke riƙe shagon daga bazara har ɗinya ta dawo.

Inda nake samun saɓani da masu saye shi ne zancen magani. Kwanaki wani dattijo ya zo, ya ce, "'Yata, an ce aduwarki na kashe ciwon suga, ba ni kwalba uku." Na ce, "Baba, wallahi abinci nake sayarwa. Ruwan nan ma akwai sukari a ciki, ka tambayi likitanka tukuna." Haka mata ke cewa ɗinya na ƙara jini don sun ga baƙa ce. Da zan rubuta haka a jikin kwalba, da cinikina ya ninka, amma ba ni da hujjar da zan tsaya a kai, ko gaban hukumar NAFDAC ko gaban Allah.

Baban bai ji daɗi ba, ya tafi bai sayi komai ba. Bayan sati biyu sai ga jikarsa da kuɗin kwalbar mai guda, wai kakarta ce ke so don kaushin ƙafa.