Asabar ɗin masu ɗigo

Ina tsakiyar wanke-wanken safe na ji sallamarsu daga zaure. Mata biyu ne masu ɗigon rigakafin shan inna, ɗaya rataye da ƙaramin akwatin sanyi ga goyo a bayanta, ɗaya riƙe da takarda da alli. Na goge hannu na miƙo musu Hanifa. Ɗigo biyu a baki, ta yamutsa fuska, aka shafa mata tawada a farcen ƙaramin yatsanta na hagu, shi ke nan.

Gidanmu na haya ne, mu uku muke zaune. Kafin su ƙaraso ƙofar Maman Abba har ta tura yaranta ƙuryar ɗaki ta saki labule. Ta ce musu ba sa nan, sun tafi gidan kakarsu. Ga takalmansu jere a bakin ƙofa, har da na autar mai ƙugi idan ta taka. Mai akwatin ta dubi takalman, ta dubi Maman Abba, ta ce, "To Allah ya dawo da su lafiya, gobe ma muna layin nan." Suka fita suka yi alamarsu da alli a bango.

Ba a jima ba Maman Abba ta shigo wajena, jikinta a sanyaye. "Maman Hanifa, wallahi ba yin kaina ba ne. Baban Abba ya ce in aka ɗiga musu, a bakin aurena." Ta ciro waya ta kunna mini saƙon muryar da aka turo masa ta WhatsApp. Namiji ne, bai faɗi sunansa ba, bai faɗi garinsu ba. Ya fara da salati, sannan ya ce maganin hana haihuwa ne ake zubawa a ciki don a rage yawan Musulmi. Daga nan ya tsallaka kan korona, wai ƙirƙirarta aka yi, ya dawo kan Boko Haram, wai manyan ƙasashe ne suka kafa ta saboda arzikin da ke ƙarƙashin Tafkin Chadi. Ya rufe da cewa duk wanda ya ji bai tura wa 'yan'uwa ba, Allah zai tambaye shi. Wannan jimlar ta ƙarshe ita ta fi ɓata mini rai. Mutum ya ɓoye sunansa, amma ya ɗora wa bayin Allah nauyi da sunan Allah.

Sai dai ita ma ta yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai duk yinin. Ta ce da damina zazzaɓi ya kusa ɗauke Abba, sai da ta sayar da zannuwanta biyu aka yi masa ƙarin ruwa, ba wanda ya ba su ko farasitamol. To me ya sa wannan kaɗai ake biyo mutum da shi har ɗaka, kyauta, har da magiya? Na tuna mata cewa yanzu da damina ana bi gida-gida ana raba wa ƙananan yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ita ma ta karɓa. Ta ce haka ne. Amma na san ban kashe tambayar ba, domin duk wanda ya taɓa tsayawa a asibiti da yaro a kafaɗa ana rubuta masa abin da zai sayo tun daga safar hannu har sirinji, ya san inda take fitowa.

Bayan azahar na je Fagge gaida Kawu. Ya yi shekaru yana aikin lafiya kafin ya yi ritaya, yanzu ƙafa ta hana shi yawo, kullum yana kan tabarmarsa da rediyo. Da na ba shi labari sai ya rage muryar rediyon ya ce, "Ke yarinya ce lokacin, amma tsoron nan ba daga sama ya faɗo ba."

Ya ce a 1996 aka yi annobar sanƙarau wadda ba su taɓa ganin irinta ba, ta kashe sama da mutum 10,000 a ƙasar nan, galibi a Arewa. Asibitin IDH na nan Kano, na masu cututtuka masu yaɗuwa, ya cika har ana kwantar da yara a ƙasa. Ana cikin haka kamfanin Pfizer na Amurka ya zo ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka saka a gwajin, aka ba wajen rabinsu Trovan, sauran aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi wannan ɓarnar, ba maganinsa ba. Iyaye kuma suka ce ba wanda ya yi musu bayanin cewa gwaji ake yi da 'ya'yansu. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar da aka nuna, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan watan baya. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 kan dala miliyan 75, kuma sai a 2011 iyalai na farko suka fara karɓar diyya. Shekara 15 ke nan da rasuwar 'ya'yansu.

Kawu ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Saboda haka da aka zo 2003, Dakta Datti Ahmad da wasu malamai suka ce ana zargin akwai sinadarin hana haihuwa a rigakafin shan inna, mutane ba su sha wahalar yarda ba, ga shi a shekarar ce Amurka ta afka wa Iraƙi. Gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai a Yulin 2004, bayan an yi gwaje-gwaje an kuma sayo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi. A tsakanin nan cutar ta samu fili. Ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da ita kanta Indonesiyar. A nan gida, yaran da ta kama a 2006 kaɗai sun haura 1,000.

A nan muryarsa ta canza. Ya ce in duba masu kekunan guragu da ke bara a danja, in ƙiyasta shekarunsu. Da zan koma na duba kuwa. A wata mahaɗa wani saurayi ya gangaro gefen adaidaitarmu, yana murza feda da hannu, ƙirjinsa da damatsansa ƙarfafa kamar na kowane matashi, ƙafafun kuma a naɗe a ƙarƙashinsa, sirara, ya sa silifa a tafin hannu saboda in ya sauka. Bai wuce ashirin da 'yan kai ba. Ba a yi shawara da shi ba lokacin da manya suke ta cacar baki.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, su ma masu ƙarfin ba su bar mana wurin tsayawa mu kare gaskiya ba. A 2011 hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta yi amfani da wani likita, Shakil Afridi, ya shirya rigakafin ciwon hanta na bogi a garin Abbottabad na Pakistan don a gano gidan da Usama bin Ladan yake ɓoye. Wannan ba jita-jita ba ce, ya faru. Bayansa aka yi ta harbe masu rigakafi a Pakistan. Mu ma a nan Kano, ranar Juma'a 8 ga Fabrairun 2013, 'yan bindiga suka buɗe wuta a wuraren rigakafi biyu suka kashe mutum 9, galibinsu mata. Mata irin waɗanda suka shigo gidanmu da safe, masu yawo a rana saboda ɗan alawus ɗin da ba ya kai ko'ina. Wanda ya shirya makircin yana can ofishinsa, wanda ya yaɗa ƙaryar yana gidansa, matar da ta fito neman na cefane ita aka kai maƙabarta.

Ni dai ga inda na tsaya. Gwamnatoci suna ƙarya, kamfanoni suna cuta, kuma wanda ya ce a yi bincike bai yi laifi ba. Amma labarin Trovan yana da shekara, yana da asibiti, yana da adadin yara, an je kotu, an biya kuɗi. Saƙon da Maman Abba ta kunna mini ba shi da ko sunan mai magana. Kuma zancen hana haihuwa, idonmu ma ya isa shaida. 'Yan matan da aka ɗiga wa a 2004 su ne yau muke zuwa sunan 'ya'yansu, wata na biyu wata na uku. Unguwarmu ba a mako guda ba a yi suna ba.

Na tambayi Kawu abin da mutane ke yawan faɗa, ba an ce an gama da shan inna tun 2020 ba, me ake nema kuma? Ya ce gaskiya ne, a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, kuma a Borno aka ga ta ƙarshe a Najeriya a 2016. Wadda ake fama da ita yanzu daban ce. Ɗigon da ake yi ƙwayar cuta ce da aka raunana. Idan yawancin yaran unguwa sun samu, ba ta da inda za ta je. Amma inda aka bar yara da yawa ba rigakafi, ga kwatoci a buɗe, sai ta yi ta yawo daga ciki zuwa ciki ta hanyar bahaya, a hankali ta sake yin ƙarfi har ta shanye ƙafar yaron da ba shi da kariya. Ya ce da ma haka ake zaunar da magidanta a yi musu bayani dalla-dalla, maimakon a yi musu barazana da 'yan sanda, da an rage rabin rigimar. Ya ƙara da cewa wanda ya ƙi ɗigo yawanci yakan ƙi kai jariri allurar asibiti ma, shi ya sa da mashaƙo ya ɓarke a 2023 Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki, kuma akasarin yaran da ya kama ba su da rigakafinsa.

Da dare na kwashe duka na faɗa wa Baban Hanifa. Ya ce ai a majalisarsu ma kullum zancen ke nan. In an kai hari sai wani ya ce ruwa ba ya tsami banza, wani ya ce an ga jirgi mai saukar ungulu yana sauke wa 'yan bindiga makamai a daji. In ka ce wa ya gani, sai a ce wani ne ya faɗa wa wani. Ya ce shi abin da ya lura, tun harin 20 ga Janairun 2012 da aka kashe sama da mutum 180 a garin nan cikin yini ɗaya, mutane ba su ga an fito an yi musu bayani mai gamsarwa kan irin waɗannan abubuwa ba, kuma in hukuma ta yi shiru kowa sai ya samo nasa bayanin. Ban musa masa ba. Na dai ce masa zancen jirgi ko an yarda ko ba a yarda ba, a majalisa yake ƙarewa, amma wannan na rigakafi a jikin yaran da ke wasa da Hanifa zai ƙare.

Na roƙe shi ya tari Baban Abba gobe bayan sallar asuba, su biyu kawai, ba a gaban mutane ba, kuma kada ya fara da cewa ƙarya ne. Ya fara da labarin 1996, ya nuna masa mun san abin da aka yi mana. Ya ce zai gwada, in ya ga fuska zai ce masa su je wajen Kawu tare ya ji daga bakin wanda ya yi aikin. Autar Maman Abba watanta 14, ko allurar farko ta asibiti ba a yi mata ba, kuma ita uwar ta ce mini in dai ya amince, ranar Talata za ta bi ni mu kai ta.