Raga ko gilashi, har yanzu ba mu gama ba

Asabar. Minneapolis, garinmu a nan Amurka, ta tashi fari fat, motar kwashe ƙanƙara ce ma ta tashe ni kafin asuba. Kunun gyaɗa da ƙosai. Yaya ta tafi islamiyya tana kumbure-kumbure saboda safar hannunta ɗaya ta ɓata.

To, zancen murhun falo dai, wato wurin hura wutar jin ɗumi da ke jikin bango. Tunda Auta ya fara rarrafe ba inda yake nufa sai nan, jiya da gawayi na kama shi a baki. Abbansu ya kafe a kan ƙofar gilashi, ni kuma ragar ƙarfe nake so, irin mai ninki uku da ake jinginawa a gaban wuta. Hujjarsa biyu: yaro, da kuɗin gas ɗin ɗumama gida. Ya ce bututun hayaƙin nan zuƙe ɗumin gidan yake yi yana watsarwa sama, mu kuma muna biya. Ni hujjata ba ta shiga lissafi. Ina so in ji itace yana ƙara, in ji ɗumin a ƙafata. Wutar da aka kulle a bayan gilashi ai talabijin ce.

Bayan azahar muka tafi kantin kayan gini, ya riƙe takardar awon da ya yi, faɗi da tsayi, inci-inci. Wani dattijon Bature ne a sashen, da tabarau a rataye a wuya. Bai ko kalli takardar ba, ya tambaya: murhun naku na bulo ne da aka gina tare da gidan, ko akwatin ƙarfe ne na masana'anta da aka cusa a bango? Muka kalli juna. Na nuna masa hoto a waya, ya ce na bulo ne, mun huta, don na masana'anta ba a sa masa kowace ƙofa sai wadda aka ƙera dominsa, in ba haka ba ta toshe hanyar iskar da ke sanyaya shi, gobara ke nan.

Abbansu ya gyara tsayuwa ya ce to gilashi muke so, saboda jariri. Dattijon ya girgiza kai. Ya ce yawancin ƙofofin nan a buɗe ake barinsu muddin wuta na ci sosai, don gilashinsu zai iya tarwatsewa in zafi ya yi yawa. Sai ta mutu ta koma garwashi ake rufewa. Shi ya sa ma da yawansu ke zuwa da labulen raga a ciki, don tare tartsatsi. Akwai wani gilashin mai jure wuta, irin na murhun ƙarfe, amma kuɗinsa daban. Kuma ko wanne ne, in ya ɗau zafi tafin hannun yaro ba ya tsira, kuma yana daɗewa bai huce ba bayan wuta ta mutu. Ya ce ƙunar yara ce ta sa tun 2015 duk sabon murhun gas mai fuskar gilashi a ƙasar nan sai an haɗo shi da kariya a gaba.

Na ɗan yi murmushi, ban ɓoye ba. Sai ya juyo kaina. Ya taɓa ragar da nake ta shafawa da yatsa ɗaya, ta yi baya luu. Ya ce wannan tartsatsi take tarewa kada ya ƙona kafet, yaro mai koyon tsayuwa kuwa ita zai fara kamawa ya miƙe. Abin da muke bukata shinge ne mai ƙofa da ake ɗaurewa a bango ta gefe biyu, ya kewaye wurin gaba ɗaya. Muni gare shi kamar kejin kaji, amma shi ne maganin. A kan kuɗin gas kuma ya ba Abbansu gaskiya, ya ƙara da cewa mu duba murfin da ke cikin bututun, wataƙila a buɗe yake tun lokacin masu gidan na da.

A mota ba wanda ya ce uffan. Da muka iso gida ya leƙa da tocila. A buɗe yake. Kunkunniya ta zubo masa a hula.

Da yamma na kira Hajiya, na ba ta labari ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ke yanzu da hita a kowane ɗaki, me ya kai ku hura wuta a tsakar falo?" Na ce Hajiya marmari ne. Ta ce marmarin wuta bai kamaci mai goyo ba, ta tuna mini yadda duk hunturu sai an ji labarin waɗanda suka kwana da kaskon garwashi a ɗaki a rufe, ba su tashi ba. Na ce akwai na'urar da ke ƙara in iska ta gurɓace, tana nan a bango. Ta ce, "Allah Ya tsare," da irin muryar da ke nufin ba ta yarda ba.

Maganar ta tsaya mini har yanzu. Ita wuta aiki ce a wurinta, hayaƙinta ya ci mata ido shekara da shekaru, ga ni nan ina jayayya da miji a kan wace ƙofa za ta fi yi mata kyau. Na rasa abin da zan ce mata, sai na tambayi ciwon ƙafarta.

Tuwo miyar kuɓewa busasshiya. Safar Yaya ta fito daga cikin takalmin Abbansu.

Shingen dai mun saya, yana cikin kwali a bakin ƙofa. Ba za a kunna komai ba sai mai share bututu ya zo ya duba ranar Talata. Abbansu bai haƙura da gilashin ba, yanzu ya turo mini hoton wata mai bakin ruwan zinare, wai za ta dace da labule. Baƙa nake so, kuma gobe zan faɗa masa.