Tarihin Rayuwata, kashi na 9: Abin da karatun jarida ya ci mana

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya ne a inda sunana ya fito a konkur, wato jarrabawar shiga ESSTIC, makarantar koyon aikin jarida ta jami'ar Yawunde ta 2, to yau maganar kuɗi za mu yi tunda ƙannenmu da suka ci bak, jarrabawar gama sakandare, bana sun dame ni da tambayar nawa karatun yake ci.

Abin da kowa ya sani shi ne sefa dubu 50 a shekara, kuɗin rajistar jami'ar gwamnati a Kamaru, shi Baba ya ji ya ce ai wannan ba zai gagare mu ba in Allah ya yarda. Ashe shi ne mai sauƙin. Hanya kaɗai ta isa, mota daga Garwa zuwa Ngawundare sannan ka hau jirgin ƙasa ka kwana ciki sai da safe ka sauka Yawunde, shi ya sa salloli da yawa a Birikiteri, unguwar Hausawa ta Yawunde, na yi su. Kawu ne ya ba ni wurin kwana a bayan shagonsa na yadi, Allah ya saka masa, amma kuɗin taksi zuwa makaranta a Ngoa-Ekelle kullum da fotokopi da abinci duk a kanka suke, ga kwamfuta da rikoda, babu su babu aiki don malami zai ce ka fita gari ka haɗo rahoto ka kawo gobe da safe.

Kwamfutar nan Yayana ne ya saya. Moto, wato babur ɗin haya, yake ja a Garwa, cikin zafin watan Afrilu da ko ƙarfen ƙofa ba ka iya taɓawa, yana tara ɗari biyu ɗari uku ya turo min ta Express Union. Na kira shi na ce Yaya ka bari mana, zan riƙa ara wajen abokai, ga Anti ta kusa haihuwa. Ya ce kai dai ka yi karatu, ranar da muka ji muryarka a rediyo an biya ni. Har yau in na tuna sai idona ya cika wallahi.

Sitaj kuwa, wato koyon aiki a gidan jarida, kyauta kake yi, kai za ka biya kuɗin motarka. A nan na fara ganin gombo da idona, wato kuɗin da masu taro ke ba 'yan jarida, an gama taro a wani otel sai ga 'yan jarida sun yi layi bakin ƙofa, kowa ya rubuta sunansa da gidan da ya turo shi a miƙa masa ambulan. A aji an hana mu, kuma gaskiyar malamai ce. Amma dattijon da ke gabana a layin, takalminsa ya tsage ta gefe, ya ce min wata biyar rabonsa da albashi ga yara a makaranta, to ni ban iya zaginsa ba, masu gidajen da ke sa mutum aiki ba biya su nake jin haushi.

Ina cikin karatun ne aka kama Ahmed Abba wakilin RFI Hausa a Marwa, watan Yuli 2015. Inna ba ta rabuwa da rediyo, daren nan ta kira ni tana kuka, ta ce ɗan nan ka tattara ka dawo gida, aikin da ake ɗaure mutum don ya yi magana ba na so. Na ce Inna ki yi min addu'a kawai. Kotun soja ta yanke masa shekara 10 a Afrilun 2017, sai a Disamba aka sake shi, kuma duk tsawon lokacin nan hankalin Inna bai kwanta ba.

Shekara 3 na karɓi lisans, wato digiri na farko. Mutanen unguwa gani suke duk wanda ya fito CRTV, gidan rediyo da talabijin na gwamnati, zai shiga kai tsaye, abin ba haka yake ba, kaɗan ne cikinmu suka samu, wasu suka koma yi wa ƙungiyoyin agaji aikin sadarwa a Marwa, wata ƙawarmu ma atamfa take sayarwa a Facebook kuma ta fi mu rufin asiri. Ni na nemi aiki a Duwala har na gaji, wata rediyo mai zaman kanta ta riƙe ni da alkawari, ƙarshen wata ya zo a ce ka yi haƙuri tallace-tallace ba su shigo ba.

Ban yi nadama ba fa. Yadda zan kira ɓangare biyu kafin in buɗe baki a makirfo, da yadda zan yanke hira in haɗa ta, a can na koya, kuma da na dawo Garwa Hausa da Fulfulde da nake ji su suka buɗe min ƙofa a wata ƙaramar rediyo. Albashina na farko ko rabin kuɗin kwamfutar bai kai ba, na kai wa Yaya ya ƙi karɓa ya ce in saya wa Inna sabuwar rediyo.

Mako mai zuwa insha Allahu zan ba ku labarin shirina na farko kai tsaye, da manomin auduga da ya kira ya ƙi ajiye waya.