Agogo uku nake dubawa kafin in karɓi jirgi

Ni matuƙi ne, ba injiniya ba, amma da zarar na sa hannu a teklog, wato littafin lafiyar jirgi, to jirgin da mutanen cikinsa sun hau wuyana. Shi ya sa littafin nake fara buɗewa kafin in taɓa ko maɓalli ɗaya.

Kowane jirgi agogo uku gare shi: awannin da ya yi a sama, yawan tashi da sauka, sai kwanakin kalanda. Wanda ya riga cika, shi ke da hukunci. Manyan binciken gyaran jirgi da haruffa ake kiransu. A jirage da yawa binciken A yakan faɗo tsakanin awa 400 zuwa 600, na C bayan wata 18 zuwa 24, na D kuwa bayan shekara 6 zuwa 10, inda ake kwance jirgin kusan kaf. Waɗannan manyan, sashen tsare-tsare ke bin su a kwamfuta. Nawa aikin yana kan ƙananan: duban kullum, sa hannun injiniyan da ya saki jirgin, da gyare-gyaren da aka ɗage.

A nan rikicin yake. Kundin MEL, wato jerin mafi ƙarancin kayan da dole su kasance suna aiki kafin a tashi, ya yarda a tashi da wasu kayan a lalace, amma da wa'adi gwargwadon rukunin kayan (haruffan nan daban suke da na binciken): rukunin B kwana 3, C kwana 10, D kwana 120, ba a ƙirga ranar da aka gano matsalar. Na taɓa karɓar jirgi a Kano da APU, ƙaramin injin da ke wutsiya mai ba da wuta da iskar sanyaya jirgi idan yana ƙasa, a mace. Babu sanyi a ciki, fasinjoji sai fifita suke da katin shiga. Injiniya ya nuna mini shafin da bironsa: "Kyaftin, yau ce ranar ƙarshe." Doka ta ba mu damar tashi. Sai dai tsarin ranar ya ce a Abuja za mu kwana, kayan gyaran kuma suna Legas. Nan take na kira ofis aka sauya mana zango. Tun daga lokacin ba na tsayawa a kan ko jirgin ya halatta yanzu, sai na lissafa har saukar ƙarshe, in ƙara da jinkirin hazo idan hunturu ne.

Agogon da sababbin matuƙa suka fi rainawa shi ne na tashi da sauka. Duk hawa ɗaya, jikin jirgi sai ya kumbura da iska ya saɓe, ƙarfe kuwa yana gajiya. Boeing 737 na kamfanin Aloha da rufinsa ya yage a Hawai a 1988 awa kusan 35,500 kawai ya yi, amma ya tashi ya sauka fiye da sau 89,000. Mu masu zirga-zirgar Kano, Abuja da Legas gajerun zango ne sana'armu, don haka nakan sa mataimakina ya karanto mini wannan lambar da baki, ni ma in duba da idona, sannan in sa hannu.